Ciwon Ƙirji Bayan Aikin Zuciya: Yadda Za Ka Lallaɓa Shi Har Ya Sake Ka

An yi aiki lafiya, an sallamo ka, dangi da maƙwabta sun cika gida ana ta barka da arziki. Ga shi an kwana biyu da dawowa, amma ƙirji bai daina ciwo ba. In ka yi tari sai ka dafe wurin, in ka juya a kan gado wani abu ya soke ka, riga ma in ta goge tabon sai ka ji zugi. Likitan da ya yi aikin kuwa yana Abuja ko Legas, wani ma Indiya ko Masar, kai kuma kana Jega ko Kamba ko Yauri, ba ka da wanda za ka tambaya da tsakar dare. Abin da ya fi ciwon cin rai shi ne tunanin da ke biye da shi: anya ba zuciyar ce ta sake tashi ba?

Mafi yawan lokuta ba ita ba ce. Kafin likita ya kai ga zuciya sai ya raba ƙashin tsakiyar ƙirji gida biyu daga sama har ƙasa, ya sa ƙarfe ya buɗa haƙarƙari, su zauna a buɗe na tsawon awoyi. Idan an gama sai a haɗa ƙashin a ɗaure shi da wayoyin ƙarfe marasa tsatsa, waɗanda galibi a jiki suke zama har ƙarshen rayuwa. To karaya ce sosai, sai dai likita ne ya yi ta da gangan kuma bisa tsari. Bambancinta da karayar hannu shi ne ba a iya ɗaure ta a hana ta motsi, domin duk numfashin da ka ja sai ƙirjin ya motsa. Ƙashin yakan ɗauki mako 6 zuwa 8 kafin ya kama, ya kai wajen wata 3 kafin ya yi ƙwari. Mai ciwon suga, da mai shan taba, da mai ƙiba, da dattijo, nasu ya fi jinkiri.

Ban da ƙashi akwai tsokar kafaɗa da ta gadon baya da suka sha ja, shi ya sa wani ciwon da ke tsakanin allunan kafaɗarsa ya fi ɗinkin damunsa. Akwai kuma ƙananan jijiyoyin da ke kai saƙon ji zuwa fata, wasu an yanka su, wasu an ja su. Wanda aka yi wa aikin toshewar jijiyar zuciya, sau da yawa akan ɗauko wata jijiyar jini daga bayan ƙirji ta ɓangaren hagu a yi sabuwar hanya da ita. Sai ya riƙa jin gefen hagu ya mutu, ko yana tsikari, har tsawon watanni. Ciwo a hagu, zuciya ma a hagu, dole hankali ya tashi.

Mataki na farko: ka san ciwon da ake zama da shi da wanda ake gudu asibiti

Wannan shi ne tushe, kuma ina roƙon wanda ke jinya, mata ce ko miji ko ɗa, ya karanta shi tare da marar lafiyar.

Ciwon ƙashi da tsoka yana da mazauni. Za ka iya nuna shi da yatsa. Yana ƙaruwa in ka danna wurin, ko ka juya, ko ka yi tari, ko ka miƙa hannu, yana kuma lafawa in ka gyara zama ko ka sha farasitamol. Ciwon jijiyar fata kuwa ƙuna ce da zugi da suka mai zuwa farat ɗaya ta wuce, ko fatar ta ƙi yarda ko da tufafi su taɓa ta. Duka biyun suna da ban haushi, amma ba su da haɗari muddin a hankali suna raguwa. Kada ka gwada yau da jiya, domin wata rana ta fi wata. Ka gwada wannan makon da wanda ya wuce.

Ga waɗanda ba a jira gari ya waye a kansu:

- Nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji wanda ba ka iya nunawa da yatsa, musamman in yana gangarawa hannu ko yana hawa wuya da muƙamuƙi, tare da zufa ko tashin zuciya, ko kuma ya yi kama da ciwon da ka sha kafin aiki.
- Haki ko sarƙewar numfashi da ke ƙaruwa, ko kasa kwanciya sai a jingine.
- Zuciya na bugawa da sauri ko a hargitse ba ta lafa ba, ko jiri mai tsanani, ko suma.
- Ɗinki ya yi ja, ya kumbura, ya yi zafi, ya buɗe, ko yana fitar da ruwa ko mugunya.
- Ƙashin yana ƙara ko yana gocewa idan ka yi numfashi ko tari, har kana jin ɓangarorin biyu suna motsi.
- Ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko ƙafafu biyu suna ta kumburi, nauyin jiki ya ƙaru da wajen kilo 2 cikin kwana biyu ko uku.
- Gefen jiki ya mutu, baki ya karkace, ko magana ta sarƙe.

Zazzaɓi yana buƙatar magana ta daban. A nan ƙasarmu, musamman da damina a garuruwan fadama, duk zafin jiki sunansa maleriya, sai a aika yaro kemis. Ga wanda aka buɗe wa ƙirji wannan ganganci ne. Ƙwayar cuta na iya shiga ƙarƙashin ɗinki ta kai ga ƙashi, wanda aka sa wa sabon bawul kuwa, wato 'yar ƙofar da ke tsara wucewar jini a cikin zuciya, tana iya kama bawul ɗin kansa. Ka sayi ma'aunin zafin jiki, ba shi da tsada. In ya kai digiri 38, a je asibiti a yi gwaji, a kuma gaya wa likita tun daga bakin ƙofa cewa an yi maka aikin zuciya. Ko an ga maleriya a jini, ka nemi a duba ɗinkin a saurari zuciyar.

Akwai wani ciwon da kan zo bayan makonni, lokacin da ake ganin an tsallake: suka mai kaifi da ke tsananta in ka kwanta rigingine ko ka ja dogon numfashi, ta yi sauƙi in ka zauna ka sunkuyo gaba, wani lokaci da ɗan zazzaɓi da kasala. Wannan yakan nuna kumburin jakar da ke lulluɓe da zuciya, kuma ruwa na iya taruwa a cikinta. Yana da magani, amma sai an yi hoton zuciya na eko an gani.

Tun kana da lafiyar yin shiri, ka yanke shawarar inda za a kai ka in ta taso. A Birnin Kebbi akwai Asibitin Sir Yahaya da asibitin tarayya, ga kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Mutumin Zuru ko Yauri tafiyarsa ta fi tsawo, don haka ya san motar wa zai kira da dare, ya ajiye ɗan kuɗin mai daban. Takardar sallama, da jerin magunguna, da lambar wayar waɗanda suka yi aikin, su zauna a jaka ɗaya da kowa a gidan ya san inda take. Ka ɗauki hotonsu a waya ma.

Mataki na biyu: ka tsare ƙashin a makonnin farko

Yawancin likitoci kan ce kada a ɗaga abin da ya wuce kilo 4 zuwa 5 har mako 6 zuwa 8. Idan naka ya faɗi wani adadi daban, nasa za ka bi. Matsalar ita ce a asibiti kilo ake faɗa, a gida kuwa ba wanda ke auna kaya. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ke nan butar alwala ba laifi, amma bokitin wanka cike ya wuce ƙa'ida, jarka mai lita 25 ta ninka ta sau biyar, buhun shinkafa kuwa ba a ma maganarsa. Jikan da ya rugo da gudu yana miƙo hannu a ɗauke shi, shi ma ya wuce. Ka zauna, a ɗora maka shi a cinya.

Ja da turi sun fi ɗagawa ɓarna, domin hannu ɗaya ke aiki ya fizgi rabin ƙashin ya bar rabi. Jan igiyar janareto ko ta injin ban ruwa, jan guga, buga famfon burtsatse, tura babur, riƙe igiyar sa ko rago, tuƙa jirgin ruwa da jan taru ga masunta, duk a jingine su. Ke kuma 'yar'uwa, daka da tuƙin tuwo da wanki da matse kaya da shara a sunkuye da goyo, duk ba naki ba ne a wannan lokaci. Na san gidan da uwa ta kwanta yakan rikice, kuma na san kunya kan sa mace ta tashi tun ba ta warke ba. Maigida, wannan nauyin a wuyanka yake: ka samo wadda za ta riƙe gidan wata biyu, kuma ka faɗa da bakinka a gaban kowa cewa likita ya hana, don kada a ce son jiki take yi.

Ƙa'ida mai sauƙin riƙewa ita ce gwiwoyin hannu su zauna kusa da haƙarƙari, hannu biyu su yi aiki tare. Kada ka miƙa hannu baya, kada ka miƙa shi can sama don ɗauko abu mai nauyi.

Tashi daga kwance shi ne inda mutane suka fi jin jiki. Ka tanƙwara gwiwoyi, ka rungume ƙirjinka, ka mirgina gefe gaba ɗaya, ka sauke ƙafafu ƙasa, sannan ka taso da taimakon gwiwar hannun da ke ƙasa ba tare da ka danna da ƙarfi ba. Mai taimako ya tallafo ka ta baya, kada ya kama hannuwanka ya ja. Katifa a ƙasa ko tabarma ba su dace da wannan lokaci ba, domin ba ka tashi sai ka dogara da hannu. A samo gado, ko a ɗora katifar a kan wani abu. In za ka tashi daga kujera, ka matso bakinta, ka kafa ƙafafu, cinyoyi su ɗaga ka. Haka masai na tsuguno: a sa kujerar da aka huda, ko a sami na zama. Magungunan ciwo masu ƙarfi kan ɗaure ciki, yunƙuri kuma yana matsa ƙirji, don haka ka ci gwanda da lemo da ganye, in abin ya ƙi ka nemi likita ya rubuta abin sassauta ciki.

Ka riƙe ƙaramin filo kusa da kai dare da rana. Tari ko atishawa ko dariya ta zo, ka rungume shi a ƙirji da hannu biyu. Kada ka danne tari don tsoron ciwo, majinar da ta kwanta a huhu ita ke zama ciwon huhu.

Sallah ma da sauƙinta. Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya gaya wa Imrana ɗan Husaini lokacin da ba shi da lafiya ya yi sallah a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa, kuma hadisin yana cikin Bukhari. Sauka sujada da tasowa daga gare ta suna ɗora nauyin jiki a kan hannuwa, abin da ake gudu ke nan. Ka yi a kujera, ka yi nuni da kai, har ƙashin ya kama. Azumi kuwa, in watan ya zo kusa da aikin, ka tambayi likita kafin ka ɗauka, saboda lokutan shan magani da ƙishirwar bazara.

Tuƙin mota sai bayan mako 4 zuwa 6 kuma da izinin likita. Babur ya fi mota wahalar da ƙirji, ko kai ke tuƙi ko goya ka ɗan kabu-kabu ya yi, saboda girgiza da riƙo da haɗarin faɗuwa. In tafiya ta kama, ka shiga mota, ka ɗaura bel ka sa filo ko tawul tsakaninsa da ɗinkin, a riƙa tsayawa bayan kowace awa ɗaya ko biyu kana taka ƙasa.

Mataki na uku: magani, da abin da ba a sha

Jarumta ba ta da amfani a nan. Wanda ya ƙi shan maganin ciwo yakan taƙaita numfashi, ya ƙi tafiya, ya ƙanƙame kafaɗu, ciwon ya daɗa zama. Farasitamol shi ne na farko. Ga babba, ƙwaya biyu masu miligiram 500, a bar aƙalla awa 4 zuwa 6 tsakani, kada a wuce ƙwaya 8 a awa 24. Mai ciwon hanta ko wanda nauyinsa bai kai kilo 50 ba ya tambayi likita, nasa ya fi haka kaɗan. Ka lura magungunan mura da yawa akwai farasitamol a cikinsu, kada ka ninka ba ka sani ba. A makonnin farko ya fi kyau a sha shi a kan lokaci, misali kafin tafiya da kafin barci, maimakon a jira ciwo ya kai maƙura.

Inda haɗarin yake shi ne kemis. Ka ce ƙirji na ciwo, a ƙulla maka haɗi a leda, a ciki akwai diclofenac ko ibuprofen ko piroxicam. Waɗannan suna riƙe ruwa a jiki, suna tayar da hawan jini, suna wahalar da ƙoda, suna cin bangon ciki. Ga mai shan maganin tsinka jini irin su asfirin ko warfarin kuwa suna iya jawo zubar jini a ciki. Kada ka sha su sai likitan zuciya ne da kansa ya rubuta. Tramadol ma ba abin saye a hannun mai talla ba ne. In likita ya ba ka na 'yan kwanaki, ka tsaya a inda ya tsayar, mun ga abin da ya yi wa matasanmu.

Da yawa daga waɗanda ake wa aikin zuciya a Arewa ba tsofaffi ba ne. Samari ne da 'yan mata da matan aure da ciwon maƙogwaro na ƙuruciya ya bi ya lalata musu bawul. Wanda aka sa wa na ƙarfe zai sha warfarin, maganin tsinka jini, har tsawon rayuwa, yana yin gwajin INR, wato awon yadda jininsa ya tsinke, a kai a kai. Shi kam komai zai sa a baki sai ya yi tunani. Flagyl da Septrin suna ƙara wa warfarin ƙarfi sosai. Farasitamol ma in ana shan sa kullum na kwanaki yana iya ɗaga INR, don haka a sanar da likita. Zogale da alayyahu da sauran ganyaye suna rage masa ƙarfi, amma ba a ce a daina ci ba, a dai riƙa ci daidai wa daida, kada yau a cika kwano gobe a yi mako ba a taɓa ba. Haɓo da ya ƙi tsayawa, jini a dasashi ko fitsari, ko bayan gida baƙi ƙirin, duk na asibiti ne nan take. Matar da ke shan warfarin kuma ta yi magana da likita kafin ta ɗauki ciki, ba bayan ta ɗauka ba.

Masu dubiya za su zo da saiwa da sassaƙe da jiƙo, kowa da labarin wanda ya sha ya warke. Niyyarsu mai kyau ce, ka yi godiya ka yi musu addu'a, amma kada ka sha, domin ba wanda ya san yadda za su gauraya da magungunanka. Ƙaho da tsaga da sakiya a ƙirji ko baya, a bar su, mai shan maganin tsinka jini kuwa haɗari ne ƙarara gare shi. Aliero ta yi suna da ɗori, amma ƙashin da aka ɗaure da waya a saman zuciya ba na murzawa ko dannawa ba ne.

Mataki na huɗu: ka motsa

A nan ne mutanenmu suka fi yin kuskure, kuma don ƙauna suke yi. A kwantar da mutum a ɗaki, a hana shi ko zuwa ƙofar gida, a ce ya huta. Bayan wata biyu ƙashi ya kama, amma kafaɗu sun sandare, baya ya ranƙwafa, ƙafafu ba ƙarfi, ciwo ya fi na da. Tsare ƙashi daban, zaman dirshan daban.

Ka fara da numfashi. Ka zauna a miƙe, ka ja iska ta hanci a hankali har ƙasan ƙirji ya buɗe, ka riƙe daƙiƙa biyu ko uku, ka sake ta baki. Sau 5 zuwa 10 a kowace awa in kana farke, a makonnin farko. In an ba ka 'yar na'urar nan mai ƙwallaye a asibiti, ba ta ado ba ce, ka ci gaba da amfani da ita.

Sai tafiya. Minti 5 a tsakar gida, sau uku ko huɗu a rana. Ka riƙa ƙara minti ɗaya ko biyu duk bayan kwana biyu, har zuwa mako na 6 ka kai minti 20 zuwa 30 a tafiya ɗaya. Ma'aunin shi ne ka iya magana kana tafe ba tare da haki ya yanke maka zance ba. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ka fita bayan asuba ko gab da magariba. Da hunturu ka jira rana ta ɗan ɗaga, ka rufe ƙirji, ka sa takunkumi saboda ƙura, domin mura da tari a wannan lokaci azaba ce. Sanyi yakan tayar da tsamin ɗinki ko bayan shekara, wannan ba alamar ɓaci ba ce.

Kafaɗu kuma, safe da yamma: ka ɗaga su zuwa kunnuwa ka sauke, ka juya su gaba da baya a hankali, ka ɗaga hannu biyu tare ta gaba har inda ba ciwo, ka juya wuya dama da hagu. Sau 5 zuwa 10 kowanne. Ɗan ja ba laifi, suka ko ƙara a ƙashi na nufin a dakata. Tawul da aka jiƙa da ruwan ɗumi a kan kafaɗa da gadon baya, da tausa mai laushi daga mai jinya, suna sauke tsami sosai. Amma kada a gasa ɗinkin kansa, kuma kada a sa abu mai zafi a fatar da ta mutu, za ta ƙone ba ka ji ba. In akwai sashen gashin ƙashi a asibitin da ke kusa da kai, ka nemi a tura ka.

Tabon

Ruwa mai tsabta da sabulu marar ƙamshi, a bar ruwan ya gangara, a tsane da tawul mai tsabta ba gogewa ba. Ba soso, ba hoda, ba turare, ba man zafi, ba shiga gulbi ko tafki, har sai ya rufe ruf ɓawon ya faɗi da kansa. Zufa tana jiƙa shi, don haka riga mai sauƙi ta auduga ta fi, a riƙa canja ta. Mace mai cikar ƙirji ta sa rigar mama mai laushi marar ƙarfe, dare da rana, domin nauyin nono yana jan ɗinkin gefe da gefe. Ƙullun da ke saman ɗinkin kusa da wuya yakan sauka da kansa cikin watanni.

Bayan ya warke sarai kuma likita ya amince, ka riƙa murza tabon da yatsa a hankali da ɗan man kaɗanya ko basilin, minti kaɗan kullum. In fatar ba ta son taɓi, kada ka guje ta. Ka fara shafa ta da auduga, bayan kwanaki da ƙyalle mai laushi, sannan tawul, a hankali jijiyoyin za su saba. Baƙar fata ta fi saurin yin tabo mai tasowa ya yi kauri yana ƙaiƙayi, kuma tsakiyar ƙirji na cikin wuraren da ya fi fitowa. In ka ga ya fara tudu yana faɗaɗa, ka je da wuri. Akwai man silikon da ake shafawa, akwai allurar da ake yi a cikin tabon. Yanka shi a gida ƙara masa girma yake yi.

Mai ciwon suga ya sa ido a kan awonsa fiye da kullum. Mai taba ko shisha ya bari gaba ɗaya. Kifi da wake da ƙwai da nono da naman kaza suna gina abin da aka yanka, gishiri da dunƙulen miya da kanwa kuwa a rage su ƙwarai.

Dare da zuciyar da ta karaya

A makonnin farko rigingine ake kwana, da filo biyu ko uku a baya. Daga baya, in likita ya yarda, ka gwada gefe kana rungume da filo. Barci yakan rikice, abinci ya fita rai, mutum ya riƙa ƙunci ko kuka ba dalili, har magidanci mai taurin rai. Wannan sananne ne bayan babban aiki, kuma damuwa tana ƙara wa ciwo kaifi. In ya wuce mako biyu bai sassauta ba, ka gaya wa likita kamar yadda za ka gaya masa kumburin ƙafa. Dubiya lada ce, amma a sa mata lokaci, mai mura kuma ya gaishe ka daga nesa.

Sha'anin iyali, yawanci bayan mako 6 zuwa 8, in kana iya tafiya da ɗan sauri ko hawa bene ba haki, kuma ta yadda nauyi ba zai hau ƙirji ko hannuwa ba. Maganin ƙarfin maza, na kemis ko na gargajiya, kada ka kusance shi ba da sanin likita ba. In ya haɗu da wasu magungunan ciwon zuciya yana iya faɗar da jini ƙasa warwas.

In an wuce wata 3 ciwo bai tafi ba

Ba kai kaɗai ba ne, kuma ba raki ba ne. Mutane da dama kan ci gaba da jin ciwo bayan ƙashi ya warke, kuma kusan kullum akwai dalilin da za a iya nema: jijiyar fata da ba ta huce ba, bakin waya da ke tokarar fata daga ciki, ƙashin da bai haɗe sosai ba, kumburin guringuntsin da ke haɗa haƙarƙari da ƙashin ƙirji, kafaɗar da ta sandare, ko ƙwayar cuta da ke ci a ɓoye.

Kafin ka je asibiti ka yi mako biyu kana rubutu a ɗan littafi, ko wani ya rubuta maka. A ina ciwon yake, wane iri ne, me ke tayar da shi, me ke kwantar da shi, yana hana barci ko a'a, kuma in sifili babu ciwo 10 kuma mafi tsanani, yau nawa ne. Likitan da ke da layin mutane a waje zai fi gane “Likita, ƙuna ce a hagu kusa da ɗinki, tana kai 6 da dare, in riga ta taɓa ta fi tashi” a kan “ƙirjin ne dai har yanzu.” Ka nemi ya dafa ƙashin kana tari ya ji ko yana motsi. Zai iya neman hoton ƙirji, ko sikanin CT, ko awon zuciya don a cire shakka.

Ciwon jijiya ba ya jin farasitamol sosai. Akwai magungunansa na musamman irin su gabapentin da pregabalin, waɗanda ake farawa kaɗan a ƙara a hankali, suna sa jiri da barci, kuma likita ne ke tsara su gwargwadon lafiyar ƙoda. Wani wurin allurar kashe zafi ake yi masa. In kuma waya ce ke damun, ana iya cire ta da ƙaramin aiki bayan an tabbatar ƙashin ya haɗe. In nisa ya hana ka komawa wurin waɗanda suka yi aikin, ka tura musu hoton tabon da sakamakon gwaje-gwaje ta WhatsApp, ka haɗa su da likitan da ke duba ka a nan.

Komawa aikin ƙarfi, noma ko dako ko kamun kifi ko gini, sai bayan wata 3 kuma da izinin likita. Ranar farko a gona ka yi awa ɗaya da sanyin safiya, aiki mai sauƙi, ka dawo ka ga yadda ƙirjin zai kwana. In ya wayi gari lafiya ka ƙara kaɗan, in ya yi tsami ka huta kwana biyu ka koma inda ka tsaya. Injin ban ruwa da buhu su ne na ƙarshe da za ka koma wa, ka bar wa yara su har ƙarshen wannan kakar.